Muryar Kamilu a Sifikokin Baba

Kaduna, 16 ga Satumba, 2021

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Baba, da mutanen Kurfi baki ɗaya. Ya jikin nashi, ƙafar ta fara ɗaukar shi? Nan muna lafiya, mai ɗakina Fauziyya na gaishe ki.

Kafin ki ci gaba, ki fita daga ɗakin Baba. Ki karanta ke kaɗai.

Allah ya yi wa Yaya Kamilu rasuwa. Ramin zinariya ne ya rufta da su a Jado, can cikin sahara, ranar Litinin, shi da mutum biyu. Abokin shi Ashafa ne ya kira ni. Ya ce ya yi ta neman lambarki ba ta shiga, na ce mashi sati guda ke nan da aka rufe layukan waya a wajenmu saboda ɓarayin daji. An yi mashi sutura a can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya, roƙona ɗaya ne, kada Baba ya ji yanzu. Kin tuna abin da likita ya ce bayan jininshi ya hau ya kayar da shi, cewa a kiyaye mashi tashin hankali. Tunda babu waya, babu mai kawo labarin, kuma Ashafa ba zai sauko ba sai ƙarshen shekara. Mu bari ya ƙara ƙarfi tukuna.

Na ba Sabitu direba wannan takarda, zai ajiye ta wurin mijinki Malam Hudu a Dutsin-Ma. Ta nan za mu riƙa yi har a buɗe layi.

Ƙanenki,
Jamaluddeen


Kurfi, 22 ga Satumba

Jamalu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba na zama da kanshi yanzu, amma hannun dama har yau sai an ɗaga mashi.

A kicin na karanta takardarka. Na zauna kan turmi ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai ƙaurin miya ya tashe ni. Na wanke fuska na kai mashi abinci, ya dube ni ya ce me ya sami idona, na ce hayaƙi ne. Ƙaryar farko ke nan, kuma tun daga ranar ban daina ba.

Allah ya jiƙan Yaya Kamilu. Ko kuka ba ni da wurin yi a gidan nan.

Kai kana Kaduna, ka rubuta layi biyar ka rufe. Ni ce nake juya shi, nake mashi alwala, nake kallon idonshi. Ka san kowace Juma'a Yaya Kamilu kan kira wayata, in riƙa maimaita wa Baba da ƙarfi. Juma'ar da ta wuce ya sa na jingina shi a bakin ƙofa tun bayan la'asar. Na ce Baba ai ka san babu layi. Ya ce, "Jamalu na da layi a Kaduna. Ya kira shi, ya ɗauko mani muryar shi a waya, ya aiko. Ba sai na amsa ba, in dai ji."

Na ce ko an aiko ba za ka ji ba, tunda waya a kunnenka kamar kukan sauro take. Sai ya nuna sifikokin nan biyu na katako da amfilifayar da ya taho da su lokacin da ya rufe shagon kaset na Dutsin-Ma. Ka san da su yake jin rediyo, in an ƙure murya ya jingina kunnen hagu. Ya ce, "Yaron da ke haɗa sauti a manyan ɗakunan taro ba zai kasa sa waya ta yi magana a cikin waɗannan ba."

To ga shi nan. Kai ka ce a ɓoye, sai ka faɗa mani abin da zan ce mashi Juma'a mai zuwa.

Yayarka,
Rahmatu


Kaduna, 29 ga Satumba

Yaya Rahmatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Baba ya ƙara samun sauƙi. Na ji maganarki, kuma ban ce ba ki da gaskiya ba.

Ga ƙunshi nan. A ciki akwai tsohuwar wayata, da caja, da waya mai kai biyu ja da fari, da wani ɗan akwati baƙi kamar na ashana. Shi ne na bulutut. Aikinshi ya karɓi sauti daga waya ta iska ya miƙa wa amfilifaya, ba ruwanshi da layi. Ki soka ja da farin a bayan amfilifaya, ɗaya kan a jikin akwatin, ki ba shi wuta daga batirin solar gidan. Zai riƙa ƙifta shuɗiyar wuta. Ki buɗe bulutut a wayar, sunanshi zai fito, ki danna.

A cikin wayar akwai saƙo ɗaya mai suna Baba. Muryar Yaya Kamilu ce. Lokacin azumi ya turo mani saƙo biyu don in kunna wa Baba in na zo sallah, kin san kuma ban samu zuwa ba. Na cire inda ya ambaci azumi da shan ruwa, na haɗa biyun suka zama ɗaya. Na saurara sau da yawa, ba wanda zai gane. Gaisuwa ce kawai, da cewa yana lafiya, a yi mashi addu'a.

Wannan zai riƙe Baba wata guda ko fiye. Kafin nan ya ƙara ƙarfi.

Jamaluddeen


Kurfi, 9 ga Oktoba

Jamalu,

Salam. Baba na nan yadda yake, sai ɗan tari. Ni ce dai kaina ke ciwo kullum.

Abinka bai yi ba. Wayar ja da fari da ka aiko kan jan a karye yake, sai da na bar Baba wurin maƙwabciya na je Dutsin-Ma na sayo wata. Na tarar da 'yata Mardiya ta rame, kitsonta ya yi wata biyu, ta riƙe mani zane tana cewa yaushe zan dawo gida.

Bayan amfilifayar ramuka ne birjik, rubutun duk ya goge. Baba ya ce in soka a na farko, inda yake sa na'urar faifai. Ina kunnawa sifikokin suka yi wani ƙugi har kwanukan kan kabad suka amsa, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Na kashe. Na sake kunnawa a hankali, ƙugin na nan. Akwatin kuma ba shuɗi kaɗai yake ƙiftawa ba, shuɗi da ja ne. Sunanshi na fitowa a wayar, in na danna sai ya yi ta juyi, can ya ce ya kasa. Na yi haka ya fi sau talatin, Baba na zaune yana kallon hannuna.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Jiya Juma'a, da abin ya sake ƙi, sai ya ce tunda ba a ji na Kamilu ba, a ɗauki nashi a aika mashi. Ya sa na sa mashi hula. Na riƙe wayar a bakinshi. Jamalu, ya ce ya yafe mashi tafiyar da ya yi ba da son shi ba. Ya ce maganar da ya faɗa mashi a zaure ranar tafiya, cewa kada ya dawo mashi gida, zafin rai ne, ya janye. Ya ce ya dawo ko ba ya da ko sisi, ɗakin shi na nan. Shekara uku ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Ya ce in riƙe da kyau kada muryar ta lalace.

Yanzu kullum tambayata yake ko an tura. Me zan yi da wannan saƙon? Me zan yi da Yaya Kamilu da nake gani duk na rufe ido?

Rahmatu


Kaduna, 14 ga Oktoba

Yaya,

Salam, ina gaida Baba. A tsaye nake rubutun nan, muna da aiki a Zariya kuma Sabitu na shirin tashi.

Ki cire daga ramin faifai, ba nan ba ne. Ki nemi na ƙarshe ta dama. Sauran kuma ki manta da shi kawai, ki fara daga farko kamar ba ki taɓa sanin shi ba. Haka ake yi, ba wani abu ba ne.

Sai na samu zama.

Jamalu


Kurfi, 20 ga Oktoba

Jamaluddeen,

Muna lafiya, tunda ka tambaya a tsaye.

Na karanta 'yar takardarka sau uku don in tabbatar idona ne. In manta da shi? Kamar ban taɓa sanin shi ba? Mutumin da ya goya ka ya kai ka asibitin Kurfi ranar da kunama ta harbe ka a gonar Rawayau, ka ce ba wani abu ba ne? Na rubuto maka abin da ya fi komai nauyi a raina, ka ba ni amsa da layi huɗu.

Ban sake taɓa akwatinka ba. Na naɗe shi a tsumma na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa Baba ya lalace, ƙarya ta nawa ke nan ban sani ba. Ya ce a kira mai gyaran rediyo, na ce ya yi tafiya.

Na faɗa wa Malam Hudu gaskiya ranar Asabar, don na kasa riƙewa ni kaɗai. Ya ce uba na da haƙƙin ya yi wa ɗanshi addu'a, kuma mun riga mun cinye mashi kwana arba'in saura kaɗan. Ya ce shi ba zai faɗa ba, ba hurumin shi ba ne, amma kada in sa shi ya yi wa surukinshi ƙarya. Tun ranar in ya kawo takarda a ƙofar gida yake tsayawa.

Ga memori nan, ɗan katin ajiya na waya, na naɗe a cikin takardar. Saƙon Baba ne zuwa ga Yaya Kamilu. Ka sa a kunnenka ka ji, sannan ka sake ce mani in manta.

Rahmatu


Kaduna, 26 ga Oktoba

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, Allah ya saka maki. Ina gaida Baba da Malam.

Wallahi tallahi ba Yaya Kamilu nake nufi ba. Akwatin nake nufi. A cikin wayar, in kika danna gefen sunan akwatin, akwai inda ake sa waya ta manta da shi, sai a sake haɗa su sabo. Maganar aikinmu ce, kullum muna faɗinta, ban lura da yadda za ta faɗo maki ba. Ki yafe mani. Tambayarki kuwa na gan ta, ban amsa ba don ba ni da amsa.

Na gano abin da ya hana. Kafin in aiko na gwada akwatin da wayar Fauziyya, shi ya sa yake ta neman tata, yana ƙin kowa. Ki danne maɓallin gefen shi ki ƙirga goma a hankali, har wutar ta ɗauke ta dawo tana ƙiftawa da sauri. Sannan ki sa wayar ta manta da shi, ki sake nema. In wutar ta tsaya shuɗi cak, sun haɗu.

Ƙugin kuma abu biyu ne. Ramin faifai na ƙara ƙarfin sauti fiye da kima, shi ya sa na ce ki koma na ƙarshe, ki juya maɓallin gaba ya kalli inda Baba ke sa kaset ta waje. In ƙugin ya rage kaɗan bai tafi ba, cajar ce. Kada akwatin da amfilifaya su sha wuta a soket ɗaya. Ki caja akwatin ya cika, ki zare, yana da ɗan batir a ciki. Kuma kada ki fita da wayar tsakar gida, katangar ɗakin Baba mai kauri ce, sautin zai riƙa yankewa.

Memorin na aljihuna. Har yau ban iya sa shi ba.

Ki daure ki gwada sau ɗaya. In ya ji muryar zai samu natsuwa, ke ma ki huta da tambaya.

Ƙanenki,
Jamaluddeen


Kaduna, 2 ga Nuwamba

Yaya,

Salam. Ina fata wannan ta same ki da wuri.

Kada ki kunna. Na saurari saƙon Baba yau da safe a cikin mota kafin in shiga wurin aiki, na kasa fitowa. Malam Hudu ne da gaskiya, ke ce da gaskiya tun farko. Mutumin da ya buɗe ranshi haka bai kamata a mayar mashi da haɗe-haɗe na ba.

Na nemi hutu. Ina nan tafe ranar Juma'a sha biyu ga wata. Za mu kira liman da Gwaggo Dada daga Kuki, in durƙusa in faɗa mashi da bakina, in ce ni na hana ki. Ki bar akwatin inda yake har in zo.

Jamalu


Kurfi, 6 ga Nuwamba

Jamalu,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Baba na da rai. Abin da zan iya cewa ke nan.

Na bi abin da ka rubuta a takardarka ta ashirin da shida, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis da hantsi, yana barci, na danne maɓallin, na sa wayar ta manta, na canza rami, na zare caja. Wutar ta tsaya shuɗi. Na gwada da karatun da ke cikin wayar, ya fito tas, babu ƙugi ko kaɗan. Ka iya aikinka.

Jiya bayan an sauko Juma'a na ce mashi saƙon Kamilu ya samu. Ya sa na matso da kujerar shi har gwiwar shi na taɓa sifikar hagu. Ya jingina kunne, ya ɗora tafin hannun shi mai lafiya a jikin katakon, yadda yake yi da can a shago. Na kunna.

Muryar ta cika ɗakin kamar yana tsaye a bakin ƙofa. "Baba, barka da war haka." Baba ya amsa da ƙarfi, "Barka kadai, Kamilu." Yana dariya, hawaye na bin gemun shi. Ni na juya baya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Can tsakiya sai dariyar ta tsaya. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in ƙara. Sau huɗu. A na huɗun bai ma sa kunne ba, hannun kawai ya bari a jikin katako.

Ya ce, "An yanke nan."

Na ce Baba wane irin yanka, layin can ne ba kyau.

Ya ce, "Akwai janareto a bayan shi, ina jin shi a hannuna. Ya ce 'ina nan lafiya', janareton ya ɓace tsakiyar numfashi, ba mutuwa ya yi ba, ɓacewa ya yi. Sai ga iska. Wannan rana daban, wannan rana daban." Ya ce shekara talatin yana yanka zaren kaset da reza yana liƙewa, ba za a koya mashi haɗi ba. Ya ce, "Wa ya yanke, kuma me aka cire?"

Na ce Jamalu ne, wataƙila don ya rage tsawo.

Ya dube ni. Ka san kallon. Ya ce, "Mai rai ba a yi mashi haɗi, sai a ce ya sake faɗa. Rahmatu, ina ɗana?"

Na durƙusa na faɗa mashi. Duka, da ranar, da ramin, da Ashafa.

Bai faɗi ba, Jamalu. Jinin da muke tsoro bai kayar da shi ba. Ya yi salati, ya yi ta maimaitawa, sannan ya ƙirga da yatsu ya ce kwana hamsin da uku. Ya tambaye ni ranar da na sani, na faɗa. Ya ce, "To ranar da kika sa mani hula kin sani." Na ce na sani. Ya ce, "Kika riƙe waya a bakina ina roƙon matacce ya dawo gida, kina kallona."

Ya ce in kira mashi liman, in fita.

Rahmatu


Kurfi, 15 ga Nuwamba

Jamaluddeen,

Takardarka ta biyu ga wata ta iso ranar Alhamis, sha ɗaya. Motar Sabitu ce ta lalace a Funtuwa, ta kwana tara a gareji da takardar a cikin aljihun gaba. Malam ya miƙo mani ita a gaban masu gaisuwa. Na karanta "kada ki kunna" ina zaune a kan tabarmar makoki.

Na ce a raina to, ko ba komai gobe kana tafe. Na gyara ɗakin zaure, na ajiye maka tuwo. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Ba ka zo ba.

An yi zaman kwana uku, amma masu gaisuwa ba su yanke ba. Mutane sun zo daga Tamawa, da Rawayau, da 'yan kasuwar Dutsin-Ma abokan Baba. Duk wanda ya tambayi yaushe aka yi rasuwar, Baba da kanshi yake amsawa, "Wata biyu. 'Ya'yana sun sani, ni ne ban sani ba." Sai a waiwayo a dube ni, don ni ce a wurin.

Tun ranar bai karɓi abinci a hannuna ba. Gwaggo Dada ta zo daga Kuki, ita ke ba shi. Ni nake dafawa, ita take kaiwa. Da na ce mashi shawararka ce, ya ce, "Jamalu na nesa, bai ga fuskata ba. Ke kin gani."

Ya ce in tambaye ka saƙonnin nan biyu yadda Kamilu ya turo su, ba yanka. Yana so ya ji abin da aka cire.

Rahmatu


Kaduna, 21 ga Nuwamba

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri. Ya jikin Baba da Gwaggo.

Na je tashar Kawo ranar sha biyu da jakata. A nan Sabitu ya ba ni takardarki ta shida ga wata. Na karanta a tsaye, na bar motar ta tashi. Ba ni da wani uzuri, tsoro ne. Na shirya in zo in faɗa mashi, ban shirya in zo ya riga ya sani ba.

Maganar saƙonnin kuma, Yaya, babu su. A tsohuwar wayar suke, kuma da na gama haɗawa na goge na asalin kafin in aiko maki, don kada ki yi kuskuren kunna su. Na bincika ko'ina, na kai wa wani abokin aikina ya gwada dawo da su, bai samu ba. Abin da na cire ba shi da yawa. Ya ce azumi a can da wuya, da ruwan zafi da busasshen burodi suke buɗe baki. Ya ce yana kewar kunun tsamiyar gida. Akwai kuma inda ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da ni." Na cire don muryar shi ta karye a wurin, na ga zai tayar wa Baba da hankali.

Ki karanta mashi wannan in kin ga zai iya ji. Ki ce ina neman gafara.

Jamaluddeen


Kurfi, 28 ga Nuwamba

Jamalu,

Wa alaikumus salam. Jikin Baba da sauƙi, ya fara taka ƙafar da sanda. Gwaggo ce bayanta ya riƙe, ba ta iya ɗaga shi.

Na karanta mashi takardarka a kunnen hagu, da ƙarfi, har maƙwabta sun ji. Da na zo inda Yaya Kamilu ya ce a yi haƙuri da shi, ya ce in tsaya. Ya ce, "Ashe ya nema." Sannan ya ce, "Tun azumi ya nema, yana da rai, ina da bakin amsawa. Aka ajiye a waya wata biyar, sannan aka goge." Bai zage ka ba, bai yi maka baki ba. Da na karanta inda kake neman gafara, ya ce in ninke takardar.

Ya sa an kwashe amfilifayar da sifikokin an kai ɗakin hatsi. Ko rediyo ba ya ji yanzu. Akwatinka da wayarka suna cikin wannan ƙunshin.

Ni zan koma Dutsin-Ma ranar Juma'a. Wata bakwai ke nan rabona da ɗakina, Mardiya ta fara kiran ƙanwar Malam da Umma. Da na yi wa Baba sallama na ɗauka zai ce in ƙara kwana biyu. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Gwaggo za ta iya dafa mashi, amma ba za ta iya kai shi bayi ba, ba za ta iya juya shi ba. Ana buƙatar namiji a gidan daga ranar Juma'a. Ban sani ba ko zai yi maka magana, wataƙila ya yi sati bai dube ka ba. Za ka zauna a hakan, yadda na zauna.

Kada ka ba Sabitu amsa, ba zan karɓa ba. Ka shigo motar da kanka.

Rahmatu